Zoben Yana Juyawa, Kaltume

…kuma har yanzu juyawa yake. Ɗan zoben nan na fuskar kwamfutar Zayyad, tun hantsi yake zagaye kamar akuya a turke. Ga azahar ta gota. Fura ta tsinke a kwano, ko kallonta bai yi ba. Jikan nan nawa, wai injiniya!

Tambaya ɗaya fa na yi, Kaltume. Ɗaya tak. Ina ƙanwata Kaltume take?

Shi ya ja ni. Shi ya bi gari gari, Bebeji, Kiru, Tudun Wada, yana ɗaukar maganar tsofaffin da ruwan madatsar Tiga ya tasa, yana ɗura wa abar nan. Wai uku-uku take ci, kamar duwatsun murhu: wane, ya auri, wance. Hajara — 'yar — Sale. To ni ke nan, an gama da ni a kalma uku. "Kaka, duk wanda kike nema yana ciki." Yana ciki! To fito min da ita mana, miji ba cefane sai latse-latse…

Wai laifinmu ne. Namu! Wai ya ce ta bi dangina kaf, bai yi mata iyaka ba, mu kuwa auren gida muka yi ta yi, ɗan wa da 'yar ƙani, sai ta shiga ta zauren Baffa Uba, ta fito ta ɗakin Inna Balaraba, ta sake faɗawa zauren Baffa Uba. To da wa za mu aura? Baƙo? — ranar da muka rabu, motar nan mai bodin katako, ke a bisa buhunan dawa rungume da tabarmarki, ni a ƙasa da tsohon ciki, kina ɗaga murya, sai na zo suna, Yaya! Ruwa bai ma kai bakin rijiya ba tukuna. Wane suna? Cikin nan shi ne uban Zayyad ɗin nan mai gemu.

Aka ce Doguwa kuka tafi. Aka ce a'a, kun ƙara gaba. Maigidana Malam ya je nemanki da kekensa, ya dawo da ƙafa a kumbure…

Yanzu kuma Zayyad ya sake dabara. Wai ba a fara tambaya da abin da ya yi yawa; da mai ƙaranci ake farawa, sai ta tace saura nan da nan. Masu suna Kaltume sun cika ta fal, kowane gida da tasa. Wai in ba shi sunan mijinki.

Sunan mijinki! Yaron nan ba shi da ta ido. Ai takwaran Malam ne. Mutumin da har ya shiga kabari bai ji sunansa a bakina ba, yau zan faɗa wa na'ura? Kin tuna dariyar da muke yi a bakin rafi — maza biyu suna ɗaya, ba mai iya kiran mijin 'yar'uwarta…

To amma wa ya ce sai na faɗa? In ce "mai sunan kakanka", shi ke nan. Ya san shi. Ita ma kalma uku ce. Tun safe tana nan a bakina kamar goro. Me ya hana ni?

Jiya na sa ya karanta min yadda take jera mutane. Salamatu — ta rasu a — Ɗansoshiya. Shi ma uku ne. Ba ta ko yin salati.

Ga shi ya juyo, ido ja wur. "Kaka, ki taimake ni. Ina sawa, kafin ki ajiye ludayin nan ta kawo."

Kafin in ajiye ludayi? Duk shekarun nan, kafin in ajiye ludayi? Wa ya ce masa sauri nake so? Ni mana. Ni na wuni ina yi masa masifa… Amma muddin zoben nan yana juyawa, Kaltume, kina nan a kan buhunan dawa. Hannunki a sama. Kina hanya, suna za ki zo.

Yatsunsa na kan madannai, yana jira. Bakina ya buɗe —

Bari dai in dama masa wata furar tukuna. Wannan ta tsinke.