Dokin da Mijina Ya Ƙirƙira

Ni dai tun da na ga mutumin fada a ƙofar shagonmu, da takubba biyu a ƙugu da littafi a hannu, na san ba awara ya zo saye ba. Ya ce sunansa Hayasaka, sarki ya sa shi ya rubuta asalin sunan kowace unguwa. Mijina Jinzaemon kuwa shi ne mai unguwarmu.

"Unguwar Maƙera na gane, ta Marina na gane," in ji shi. "To, taku unguwar, Kurose fa? Daga ina?"

Jinzaemon ya duƙa har goshinsa ya taɓa tabarma. "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa gobe in tambayi tsofaffi."

Waɗanne tsofaffi? Kowa ya sani. Kurose ƙauyen tsohon sarki ne. Kakanninmu suka biyo shi, ya ba su fili a cikin ganuwa, suka raɗa masa sunan garinsu kamar yadda aka saba. Shekara sittin ke nan da aka tuɓe gidansa aka kawo gidan sarkin yanzu daga gabas.

Hayasaka na fita na ce, "Maigida, ka ga idonsa? Bai sha shayin ba, rijiya yake ta kallo."

"Okume, ke fa ko kyanwa ta yi atishawa sai ki ce fada ce ta aiko ta."

"To zauna nan! Ana cewa suna neman filin gidajen mayaƙa. Ka faɗa musu mu mutanen tsohon sarki ne, ka ga in ba a watsa mu bayan ganuwa ba. Ka ɗauki rijiyar a ka ka tafi da ita?"

Awararmu ba gwaninta ba ce, ruwan rijiyar tsakar gidanmu ne. Da waken suyar kowa muke yi, amma tamu ake layi a kai.

Washegari Hayasaka ya dawo. Mijina, wanda ko ƙaryar kwanan awara bai iya ba, ya buɗe baki ya ce Kurose sunan doki ne. Wai baƙin ingarman kakan sarkin yanzu, ranar da ya shigo gari ƙishirwa ta kusa kashe dokin, ya sha a rijiyar nan ya miƙe. Har da farin tabo a goshi ya ƙara masa. Ina bayan ƙyaure ina jin daɗi, na ce yau na auri namiji.

Hayasaka ya ajiye alƙalami. "Ka tabbata? Unguwa uku na rubuta masu sunan ƙauyukan tsohon gida, na ɗauka ku ne na huɗu."

"Me aka yi musu, ranka ya daɗe?"

"Me za a yi musu? Littafi ne kawai."

Ashe a banza na tsorata shi. Amma ya riga ya rubuta, kuma wanda ya yi wa sarki ƙarya wuyansa ne a kai.

Bayan kwana goma sai ga mutanen fada da mai kula da ɗakin bauta. Sarki ya ji labarin dokin kakansa, har ya zubar da hawaye, in ji su. Aka zagaye rijiyar da igiyar bambaro mai fararen takardu, aka rushe katangarmu don masu ziyara. Ruwan ya zama mai tsarki, ba mai jefa guga sai ranar biki.

Yanzu daga kogi nake ɗebo ruwa, awarar tana fitowa da ɗanɗanon laka, layin ma ya koma shagon ƙetaren gada. Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk shekara ranar bikin Jinzaemon ke shiga gaban jama'a da farantin karas, ya durƙusa a bakin rijiyar ubansa ya gaida dokin. Bai taɓa ce mini laifina ne ba. Da ya faɗa da na fi samun sauƙi.