Hoton Rabo a Gilashi

"Ba ni shan kunun ga," in ji Baba Maikano, ya kau da kai daga ludayin. "Inusa, tahi mishan ka amso mini ɗana."

Inna Habsatu, matarsa, ta dube ni. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu a Dogon Dutsi, tarinsa kuwa tun girbin gero nake jin sa.

Na san zancen. Tun zamanin Faransawa wani Baturen mishan ya zo da akwatin ɗaukar hoto, yana neman masu tsaya masa don ya nuna labaran Linjila a majigi. Ya ga Baba Maikano da gemunsa, ya sa masa farin mayafi, ya sa wa ɗansa Rabo tsumma. Labarin wani yaro ne da ya bar gida ya lalace, ya komo, ubansa ya rungume shi. Damina ta gaba Rabo ya tafi ci-rani Kumasi. Har aka sauke tutar Faransa ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.

"Malam, mi mutane za su cewa?" Inna ta ce wa mijinta a hankali. "A ce ka cika da abin masu coci ga hannu?"

"Su ce. Ɗana na."

Na tafi da hantsi. Baturen ya daɗe da komawa ƙasarsu. Wani malamin mishan, mutumin Dahome, ya saurare ni, ya fito da akwatin katako cike da ƙananan gilasai masu hotuna. Muka dinga ɗaga su a rana. Ga matan ƙauyen Kiéché a bakin rijiya an ce Rifkatu ta cikin littafinsu ce da ƙawayenta, ga wani Bafillace saɓe da ɗan rago. Can ƙasa muka samu namu, gefensa ya tsage.

A hanya na sake dubawa. Fuskar Baba Maikano ta fito sarai. Rabo kuwa a durƙushe yake, ya cusa kai a ƙirjin uban. Ƙeyarsa kawai ake gani, da tafin ƙafarsa.

Na tarar an jingina Baba Maikano da bango. Inna ta yaye asabarin ƙofa, haske ya shigo. Ya riƙe gilashin da hannu biyu, ya daɗe yana kallo.

"Juya shi," ya ce.

Na juya. Ƙeyar ce dai.

"Na ce ma Rabo shi ɗaga kai. Bature ya ce a'a, mai jin kunya ba shi ɗaga kai." Ya yi tari. "Dariya shikai a nan, Habsatu. Ina jin ta ga ƙirjina."

Inna ta matso kusa, ta sa ido.

"Ga tabon lauje nan ga diddige nai," ta ce.

Bayan la'asar ya cika, Liman Sabo na gefensa yana laƙƙana masa kalmar shahada. Liman ya ga gilashin a kan tabarma, bai tambaya ba.

Da muka dawo daga maƙabarta na leƙa in ɗauki gilashin in mayar mishan. Na hango Inna zaune a bakin ƙofa, ta ba mata masu gaisuwa baya. Ta ɗaga gilashin saitin rana, tana goge shi da bakin zanenta. Na ja da baya, na koma gida.