A Bar Mata Maganarta

Tun da aka sallamo matar kafinta daga asibiti da shanyewar ɓarin jiki, kalma ɗaya ce ta rage mata. In mijin ya shigo ɗaki sai ta kafe shi da ido, baki ya karkace, ta ce "Ka...", sauran ya maƙale. Likita kuwa ya riga ya ja shi gefe ya ce in ciwon ya sake bugawa, to sai haƙuri. Abin da ke cin ran kafinta ke nan, kada ta tafi da maganar nan a bakinta.

Gidan kuwa cike yake da tafintoci. Babbar 'yarsu, wadda ta baro nata gidan ta zo jinya, ta ce ruwa Mama take so. Auta ta ce a'a, matashin ne ya yi tudu. Ƙanwar mara lafiyar ta rantse gafara take nema, ta fashe da kuka, aka bar mai ciwo aka koma lallashin mai lafiya. Shi ma gogan ba a bar shi a baya ba. Da ta ce "Ka" zai tare ta: ai ya kulle ƙofa, ai ya kira yayanta, ai ya sayo maganin. Duk ƙauna ce, kowa so yake ya raba ta da wahala. Ita dai sai ta rufe ido ta juya fuska bango.

Wata rana a shago, wani da ya zo karɓar kujerarsa ya tambaye shi ya mai jiki. In'inar da ta rabu da kafinta tun ƙuruciya ta dawo masa, harshe ya ƙi tashi. Mutumin ya ce, "Da sauƙi ko? To madalla," ya saɓi kujera ya yi gaba. Ba abin da kafinta zai faɗa ba ke nan. Ya tsaya riƙe da zarto, abin ya yi masa ciwo, kuma ya san ciwon tun daga aji uku.

A ajin nan Sai-an-tura yara suke kiransa, don ko sunansa ba ya iya faɗa sai wani ya ƙarasa masa. Malamarsu ce ta kashe wannan wasa. In ta yi masa tambaya sai ta ajiye alli, ta zauna, ta kifa tafin hannu a kan tebur. Muddin hannun yana nan ba mai ko tari, ko da an kaɗa ƙararrawar tashi. Takan ce maganar mutum kayansa ce, wanda ya ƙarasa maka ya yi maka ƙwace. A ƙarƙashin hannun nan harshensa ya warware. Malamar ta daɗe da rasuwa, shi kuma ga shi da furfura yana yi wa matarsa ƙwace safe da yamma.

Ya rufe shago ya koma gida. Ya jawo kujera bakin gado, ya kifa tafinsa a kan ɗan teburin magunguna, ya ce wa 'ya'yansa muddin hannun nan yana nan kada wadda ta buɗe baki. Suka dubi juna, suka ɗauka damuwa ce ta taɓa Baba.

Matar ta ce, "Ka..."

Fanka tana juyawa, wani yana ta danna hon a titi. Gumi ya tsattsafo mata a goshi, yawu ya gangaro gefen baki. Auta ta yunƙura, ya harare ta, ta koma. Shi kansa amsoshi sun cika masa baki, ya danne su da haƙora. Aka daɗe ana jira.

"Ka... ra... rame."

Ya sunkuya ya dubi bel ɗinsa, da sabon hujin da ya yi masa da ƙusa. Ashe duk kwanakin nan daga kwance take kallon farantinsa yana komawa kicin yadda aka kawo shi. Kunya da tausayi suka taru suka rufe shi. Ya ce a kawo masa abinci, ya ci a gabanta tana bin kowace loma da ido, hawayensa na ɗiga a farantin.

Da ya gama ta sake motsa baki. Ya yi maza ya mayar da hannun kan tebur, amma ƙarfinta ya ƙare, barci ya ɗauke ta. Washegari ya jira, jibi ma ya jira, ko "Ka" ɗin ba ta ƙara fitowa ba. Ya yi ta tunanin kwanakin da take da sauran ƙarfi, da maganganun da suka ƙwace mata, har da shi a ciki. Ba a yi mako ba ciwon ya sake bugawa.

Ranar da aka binne ta, bayan mutane sun watse, babbar 'yar ta ajiye masa faranti, ta ce ta san ba zai iya ba, ko cokali ɗaya ne ya daure. Ya dubi gadon da aka riga aka cire wa zanin shimfiɗa. Ya jawo farantin, ya ci, bai bar komai a ciki ba.