Ɗaki Na Goma Sha Biyu

Da aka ce za a gina gidajen haya masu arha a bayan kasuwar Tasawa, ɗaki goma sha biyu na laka zalla, ba azara ba kwano don kada a sare itace ko ɗaya, ni dai taɓe baki na yi. Keken ɗinkina yana fuskantar filin, don haka ba labari aka ba ni ba. Shugaban furojen, aikin ginin ke nan, wani Abdul Razak ne da ake kira Mushe, wato Monsieur, ɗan garin nan da ya je Yamai ya dawo da tabarau da Faransanci. Ba ya buɗe baki bai ce "muhalli" ba, amma motarsa wuni take a kunne don kada kujerarsa ta yi zafi.

Maginin da ya ɗauko shi ne Bawa na Urafane, dattijon da ya shekara arba'in yana taka ƙasar gini. Ba shi da gonar kirki, ba shi da komai sai sunansa. Daga Kona har Mayahi, in aka ce ginin Bawa ne, mutum zai kwanta da damina bai ɗaga kai ya dubi rufi ba. Wata biyar ya yi yana jera tubali, ya rufe kowane ɗaki da kubba, cikinsa sanyi kamar randa.

Saura yaɓe sai Mushe ya zo ya yamutsa fuska. Manya za su zo buɗewa, kuma wai launin ƙasa ƙauyanci ne a hoto. A shafa siminti, a bi shi da koren fenti. Kore fa, don kowa ya shaida ana son muhalli!

"Mushe, siminti ba ya zama bisa laka," in ji Bawa. "In ruwa ya shiga bayanshi, ba ya samun hita. Bari in yi yaɓen makuba kamar yadda munka gada."

"Écoute, Baba, kai aikinka taka ƙasa na. Tunani namu na, mu da munka yi lakwal, munka san boko."

Aka shafa wa ɗaki sha ɗaya, sai siminti ya ƙare. Inda sauran ya tafi, a tambayi sabuwar katangar gidan Mushe. Bawa ya jiƙa makubarsa ta ɓawon ɗorawa, ya yaɓe na ƙarshen da hannunsa. Ranar buɗewa aka lulluɓe ɗakin da tamfol kamar abin kunya, 'yan haya ma suka guje shi, sai wata Balkisu mai ƙosai da ta rasa zaɓi ta shiga.

Ruwan Agusta bai san hoto ba. Simintin ya tsage, ruwa ya kwanta a bayansa, koren ya riƙa zubowa falle-falle yana janyo laka. Malaman makaranta da 'yan tireda da suka kama haya suka kwashe katifunsu. Mushe ya bi duk mai kunne yana cewa tsufa ne ya kama maginin. Mutane kuwa ka san su, laifi tudu ne. Aiki biyu da aka yi wa Bawa alkawari a Mayahi aka janye. Ya koma zaman bencina, ba ya ko shan shayin da nake miƙa masa, abin ya riƙa cin raina.

Bayan kaka masu furojen suka aiko baƙi biyu su ga abin da aka yi. Ina kallo Mushe ya zagaya da su ta baya, ya tsaida su gaban ɗakin Balkisu, wanda ko gezau bai yi ba. Ya dafa bangon yana zuba bayani a kan hikimar kakanni da wai shi ya dage sai an raya.

"Tashi ka tahi, Baba," na ce wa Bawa. "Yau dai sai an hwaɗi sunanka."

Ya gyara hula, ya taka a hankali ya tsaya kusa da bangon. Ɗaya daga cikin baƙin ya ɗaga waya zai ɗauki hoto. Mushe ya waiwaya ya yi wa Bawa murmushi.

"Baba, ɗan matsa kaɗan, kana shiga hoto."

Ya matsa. Hoton yana nan manne a allon bakin hanya. In ka tambaya a Tasawa yau, za a ce maka ɗaki sha ɗayan da suka zube ginin Bawa ne, na sha biyun kuma ginin Mushe.