Ƙafar da Inde Ta Kai Gidan Likita

Tun da kurkunu ya fito wa Kanta a idon sawu, Inde ba ta ƙara jin daɗin tuwo ba. Ƙafar ta kumbura, miki ya fara ruwa, ga damina ta ƙarato, kuma in Kanta bai yi shuka ba, gidan ba mai yi. Matarsa ta tafi Safo wankan jego wajen iyayenta. Shi kuwa ya rantse ba zai je gidan likita ba, don ya ji an ce can yanke ƙafa ake yi.

Abin da ya ɗaure Inde shi ne, Kanta ɗanta ne na fari. Tun ranar da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma taɓa nuna wa mutane ta damu da shi ba. Haka mace mai kunya take. To, da wane baki za ta tsaya gaban baƙo ta nema masa magani? Ta yi ta juya zancen, har ta yanke za ta ce ƙafarta ce. Ta tambayi kanta ko ƙarya ce. Da ta auna, sai ta ga ai ƙafar daga jikinta ta fito, in ma ƙarya ce ƙarama ce.

A waɗannan shekaru na bayan samun mulkin kai, gidan likitan Madarunfa ɗan gini ne da rumfa. Majo Mamman, babban ma'aikacin wurin, yana da ɗalibi a hannu, Shu'aibu, wanda lakwal, wato makarantar aikin jinya, ta turo daga Yamai. Majo ya kafa masa doka: kada ya taɓa kwalbar magani sai mara lafiya ya gama labarinsa.

Inde ta zauna, ta ce ƙafarta ke ciwo, a ba ta maganin da za ta tafi da shi gida. Shu'aibu ya duba, ya latsa, bai ga komai ba sai faso. Ya dubi Majo. Majo na dafa allurai, ko ɗagowa bai yi ba. Dole Shu'aibu ya jawo kujera ya tambaye ta yadda abin ya fara.

Nan bakin Inde ya buɗe. Ta ce da ƙaiƙayi ya fara, sai ya yi ƙurji, ya fashe ranar da aka shiga tafki kamun kifi. Yanzu kumburin ya kai ko wando ba ya shiga.

"Inna, ke ce ke su a tafki? Da wando?"

Inde ta ja mayafi ta rufe baki. "Ɗan nan, kai dai ba ni magani."

Ta zaci zai yi mata dariya. Sai ta ji ya ce shi ma ɗan fari ne. Ranar da zai tafi Yamai, uwarsa ba ta dube shi ba, sai dai ta tambayi maƙwabciya da ƙarfi ko masu tafiya sun ɗauki bargo. Bai tambaye ta mai ƙafar ba. Gyara zama ya yi.

"To Inna, wannan ƙafa taki, tana da mata?"

"Ta tafi wanka Safo."

Majo ya saki murfin tukunya yana tari. Shu'aibu ya ci gaba da bin zance: ina ƙafar ke shan ruwa, wa ke yi mata abinci, wa zai yi mata shuka, me ya hana ta zuwa da kanta. Inde ta amsa duka, har maganar yanka. Ya ce ƙafar da ke jin tsoro ba a aika mata magani, zuwa ake yi. Ya ɗauki jaka, Majo ya ɗaga masa kai.

Da Kanta ya ga farar riga ta shigo gida, sai ya fara jan jiki zai shige ɗaki. Shu'aibu ya zazzage jakar a kan tabarma don ya gani ba wuƙa, sa'an nan ya wanke mikin, ya naɗe kan tsutsar kurkunun a tsinke, ya ɗaure, ya yi masa allura. Ya ce Kanta ya zauna gida ya huta, shi zai riƙa zuwa yana ja kaɗan-kaɗan har ta fita, ruwan tafki kuma a riƙa tace shi da ƙyalle mai tsabta. Inde na bayan danga, tana gaya wa awaki da ƙarfi cewa wanda aka ce ya zauna, ya zauna.

Washegarin ruwan shuka, Shu'aibu ya gan ta a ƙofar gida tana zaɓen iri. Ya gaishe ta, ya ce, "Inna, yaya ƙafa?"

Inde ta ci gaba da zaɓenta. "Ta tafi gona tun da safe. Ko sallama ba ta yi mini ba."