Inda Allura Ke Dawowa

Tela ya shiga ɗakin Auta ne don ya rufe taga kawai. Sai idonsa ya faɗa kan kibod ɗin kiɗa na 'yar tasa, a kunne, da guntun zare kwance a kai. Shi kuwa ba ya iya ganin zare ya wuce. Ya sa tsumma ya share, tsumman ya murɗa wani ɗan maɓalli mai zagaye.

Sati biyu Auta ta yi tana bin sa a shago da makirfo, tana ɗaukar ƙarar keken ɗinkinsa da ta almakashi. Ta zuba su cikin kibod, tana yanka, tana ragewa, har keken ya koma ganga mai maimaita kanta. Da ƙarfe huɗu na yau za ta kai aikin gidan rediyo, inda suke neman mai haɗa musu kiɗan buɗe shiri.

Ya danna madanni ɗaya don ya tabbatar bai yi ɓarna ba. Keken ya taso, ya yi tuntuɓe, ya sake tasowa kamar mai ɗingishi.

"Maman Auta! Zo ki ji, na kashe wa yarinyar nan aiki."

Matarsa ta leƙo da ludayi a hannu. "Wa ya aike ka? Kai ko agogon bango ka taɓa sai ya koma baya."

"Zare na share."

"To share hawayenka kuma, ta kusa dawowa daga makaranta."

Ya ja kujera ya zauna. Rubutun da ke kan ɗan gilashin kibod ɗin bai gane komai a ciki ba, amma keken nan shekara ashirin da biyu yana taka shi. Ya riƙe madannin da hagu, ya kama maɓallin da dama, yana murɗawa kaɗan-kaɗan. Ƙafarsa ta fara taka ƙasa da kanta. Ya wuce wurin, ƙarar ta haɗiye bugu ɗaya. Ya dawo baya, ta yi shaƙuwa. Ya rufe ido, ya jira daidai inda allura ke dawowa sama, ya saki.

Keken ya miƙe sumul.

Yana ɗago kai ya ga Auta a bakin ƙofa, jaka a kafaɗa.

"Baba, wa ya taɓa min?"

"Ni ne, uwata. Amma na mayar da shi yadda yake, wallahi."

Ta matso, ta danna, ta saurara har sau uku. "Ai ba haka yake ba. Kwana uku ina fama da ƙarshen yankan nan, kullum sai ya yi ɗan tsalle. Me ka yi masa?"

"A tsakiyar takun keke kika yanke. Ba a tsayar da keke allura tana cikin yadi."

Ta yi sauri ta adana aikin, tana dariya. "Mama, Baba ya zama injiniya!"

"Injiniyan tsumma," in ji uwar daga kicin.

Da lokacin zuwa gidan rediyo ya yi, Tela ya raka ta har bakin titi, yana tambaya ko ta ɗauki waya, ko ta ci abinci. Da motar ta tashi ya koma shago, ya zura zare, ya taka keken yana kasa kunne.