Karen da Na Hana Gurnani

Shekara shida ina cika baki da abu ɗaya a mashayar garinmu Koorawal: karena ba ya gurnani. Duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da ni ranar Juma'a sai ya sha labarin. Karnukan sauran makiyaya suna yi musu tsiwa a kan ƙashi, ni kuwa in na ga dama sai in zare nama daga bakin Spud bai ce uffan ba. Yana ɗan wata biyar ya taɓa yi mini gurnani a kan wutsiyar saniya. Na jawo guntun baƙin bututun roba daga bayan a-kori-kurata na zuba masa. Ya sake, na sake. Kafin ya shekara ya daina. Haka ubana ya yi wa nasa, haka na yi wa karnuka goma sha ɗaya a shekara arba'in da na yi ina kora shanun mutane.

Sunana Merv Tregear, shekarata saba'in da huɗu. Matata Joyce ta rasu, ɗana yana Perth, yakan kira ni a Kirsimeti in ya tuna. Ciwon suga ya buɗe mini gyambo a ƙafar hagu. Abin da ya rage mai numfashi a gidan nan bayan ni shi ne Spud, shuɗin karen shanu mai yagaggen kunne, wanda ba ya iya barci sai ya ɗora haɓarsa a kan takalmina.

Wata Talata da safe Noeleen, nas ɗin da ke zagayawa gidaje, ta durƙusa a baranda tana wanke mini gyambon kamar kullum. Ta ja bandeji ya kama nama, na ce, “Wash!” Spud yana ƙarƙashin kujerata. Ban ji komai ba, ita ma ba ta ji ba. Sai dai muka ga haƙoransa a wuyan hannunta. Ɗinki goma sha ɗaya aka yi mata. Tana naɗe hannun da tawul ɗina ta ce, “Merv, da ya yi gurnani ai da na janye. Ko motsi bai yi ba.”

Washegari Warwick ya zo, jami'in dabbobi na ƙaramar hukuma. Ɗan Beryl mai gidan burodi ne, ni na koya masa hawan doki. Da na ji ya kira ni Mista Tregear na san ba lafiya ba.

“Kwana ashirin da ɗaya,” in ji shi, yana kallon takarda don kada ya kalle ni. “Zan dawo in gwada shi. In ya ci, ya zauna da sharaɗi. In ya faɗi, likitan dabbobi zai yi masa allurar kisa.”

“Warwick, sau ɗaya fa ya yi.”

“Sau ɗayan ba gargaɗi. Mai haushi da gurnani mun san yadda za mu yi da shi, mutane suna kaucewa. Irin naka ne ba mu da dabararsa.”

Abin kunya, Noeleen ce da hannunta mai ɗinki ta turo mini lambar wata mai horar da karnuka. Talia Faleafa sunanta, 'yar Samoa, tana aiki a mayankar garin da ke gaba da mu, kilomita casa'in. Ta iso da yamma da wata robar askirim cike da busasshiyar hanta. Ta tsaya daga bakin ƙofar shinge ta daɗe tana kallon Spud, shi ma yana kallonta, baki a rufe, jiki a sandare.

“Kawu, wa ya kashe masa murya?”

“Murya? Ki bari ya ga kangaru ki ji haushi.”

“Gurnani nake nufi.”

“Ni na hana shi. Tarbiyya ke nan.”

Ta riƙe haɓa. “Tarbiyya! Kawu, ka cire wa mota hon ka bar ta da gudunta. Tsoron da ke sa shi gurnani yana nan inda yake. Faɗa maka ne kawai ya daina.”

Na so in kore ta, wallahi. Yarinyar da ba ta kai shekarun ɗana ba za ta koya mini kare? Amma na tuna allura, na haɗiye.

Aikin nata biyu ne. Na farko, duk lokacin da baƙo ya bayyana daga nesa, a jefa wa Spud hanta, baƙo na ɓacewa hanta ta ƙare, har zuciyarsa ta haɗa zuwan mutum da daɗi. Na biyu, in ya yi gurnani, kowa ya ja baya nan take, don ya gane maganarsa tana aiki, ba sai ya kai ga haƙori ba. Ba tsawa, ba fizgar igiya, ba duka.

“Wato in ba kare cin hanci,” na ce.

“Shekara arba'in kyauta kake kora shanu? Albashi ne, Kawu.”

Muka ɗauki Dougie mai gyaran taya ya zama baƙonmu. Kullum ƙarfe huɗu zai zo ya tsaya a bakin titi da tumbinsa, yana ƙwala mini tsiya. “Merv, ashe ka koma kukun kare? In na yi gurnani ni ma za a ba ni?” Na ce masa in ya matso zai samu, a ɗuwawu. Talia ta shafa markaɗaɗɗiyar gyaɗa a cikin takunkumi, cikin kwana uku Spud da kansa yake zura hanci. Dougie ya taso daga titi ya kai ƙofar shinge, daga nan ya kai bishiyar lemo. Spud na ganinsa sai ya waiwayo yana neman rabonsa. Na fara sa rai.

Amma daga taku biyar abin ya tsaya. Dougie na ƙara ɗaya sai karen ya sandare, ya ƙi hanta, farin idonsa ya fito, kuma shiru. Talia ta ce wannan shirun shi zai kashe shi, don Warwick zai matso fiye da haka.

Ranar goma sha biyu na shiga ɗaki shan magani. Ina fitowa na tarar da Talia tana tsalle kamar ƙungiyarsu ta ci wasa. “Ya yi! Ya yi wa Dougie gurnani! Dougie ya ja baya, shi kuma ya zauna!” Na ce a sake in ji. Dougie ya matso, Spud ya ɗago ido ya kalle ni, ya sandare. Na koma ciki, ya yi. Na fito, ya yi shiru. Sau uku muna gwadawa. A na ukun Dougie bai yi tsiya ba, ya cire hula yana sosa kai. Dokar gwajin kuwa a rubuce take: mai kare ne zai riƙe igiya.

Saura kwana tara. Na kai bututun roban juji na jefar. Na daina zuba masa abinci a kwano, sai a tafin hannuna. Na daina ɗaga murya a gidan, ko rediyo ya ba ni haushi sai in kashe shi a hankali. Da rana tsaka, zafi kamar zai narka kwanon rufi, nakan sauka ƙasa da gyambona in ba shi ƙashi, in jira ya kama ci, sannan in miƙa hannu a hankali.

“Hana ni, Spud. Naka ne. Don Allah ka hana ni.”

Sai ya buɗe baki ya sakar mini. Har gurnani na yi masa da kaina, tsoho da ni a rarrafe a baranda, ko zai tuna yadda ake yi. Ya karkata kai ya lashi hannuna. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar ranar ba.

Ranar gwaji Warwick ya iso ƙarfe goma na safe. Talia ta ɗauki hutun aiki ta zo ta tsaya jikin shinge. Warwick ya wuce ta gabanmu, Spud ya waiwayo ya karɓi hanta. Ya wuce da gudu, haka. Aka sa takunkumi, aka cire, lafiya lau. Warwick yana ta rubutu, har ya ɗan yi murmushi. Sannan ya ɗauko wata sanda mai hannun roba a ƙarshenta, ya ajiye wa Spud kwanon nama.

“Wannan ne na ƙarshe. Ba sai ya so ni ba. So nake ya gargaɗe ni, in ja baya, ya bar ni in tafi.”

Hannun roban ya fara tafiya a ƙasa. Taku uku, taku biyu. Spud ya daina ci. Sai na ji wani abu yana kaɗawa ta cikin igiyar, kafin ma kunnena ya ji. Wata 'yar ƙara ce can ƙasan ƙirjinsa, ba ta fi ta firji ba. Abin da na yi kwana tara ina roƙo ke nan.

“Kai! Spud!”

Bakina ne ya faɗa, hannuna ya fizgi igiya. Ban yi niyya ba, na rantse da kabarin Joyce. Shekara arba'in kunnena na jin wannan ƙara hannuna na amsawa, bai tsaya tambayata ba. Ƙarar ta yanke. Aka yi daƙiƙa ɗaya shiru, sannan Spud ya afka wa hannun roban, sandar ta karye gida biyu.

Warwick ya rufe fayil ɗinsa.

Na kama hannun rigarsa. Ni da ban taɓa roƙon kowa ba a garin nan. “Ka ji shi ai! Warwick, ka ji ya fara! Ni na faɗi, ba shi ba. A bar Talia ta riƙe, ni in bar wurin.”

“Na ji shi, Baba Merv. Amma doka ta ce mai kare.”

“To ta zama mai karen. Akwai takardar canja mai kare a motarka?”

Ya kalle ni, ya kalli Talia. Ta ƙaraso, idonta ya yi ja.

“Za ki karɓe shi, 'yar nan?”

“Zan karɓa. Amma Kawu, ka ji da kyau. In ka sa hannu, gidana za a rubuta. Ba zai dawo nan ba, ko kwana ɗaya.”

Spud ya riga ya kwanta, haɓarsa a kan takalmina, da guntun roba a gefen bakinsa. Na ce a ba ni biro. A kan murfin motar Warwick na sa hannu, ƙarfen na ƙona mini tafi. Na zare ƙafata daga ƙarƙashin haɓarsa, na miƙa wa Talia igiya da robar hanta. Warwick ya ce yana da wata sandar, a ba karen rabin sa'a ya huce.

Na ja a-kori-kurata na wuce tankin ruwa inda ba zai gan ni ba, na kashe inji, na sauke gilashi. Rabin sa'ar nan ta fi mini daren mutuwar Joyce tsawo. Ƙudaje na ta bin fuskata ban kore su ba. In ya sake yin shiru, na ba da shi a banza, kuma ko wurin allurar ba ni da ikon riƙe shi.

Sai ga ƙarar gurnani. Doguwa, mai kauri, ta tsallako tankin ta same ni, muryar babban kare da ban taɓa ji ba. Na ji Warwick yana cewa, “To, to, na ja baya. Na ji ka, mutumina.” Ban ji karyewar sanda ba. Na kifa kaina a kan sitiyari na yi kuka da ƙarfi, har hon ya ɗauka.

Spud ya ci gwajin, da sharaɗin doguwar katanga da takunkumi in za a fita da shi. Noeleen ta dawo wanke mini ƙafa, takan zauna ta sha shayi don ta ga gidan ya yi mini yawa. Ranar Juma'a ina zuwa mashaya, amma na daina maganar karnuka.

Kowace Lahadi nakan tuƙa kilomita casa'in ɗin. Tun daga kwanar titi yake gane ƙarar motata, ya zo yana kaɗa bindi kamar zai karye, ya kwanta a kan takalmina. Talia ta ce ya zama sarkin ƙorafi: yana yi wa mijinta gurnani a kan kujera, yana yi wa mai kawo wasiƙa, kowa ya kauce, bai ƙara taɓa kowa ba.

Lahadin da ta wuce na kai masa wutsiyar saniya. Na jira ya kama ci, na durƙusa da ƙyar, na miƙa hannu a hankali. Ya daina tauna. Ya ɗago ido ya kalle ni, ya buɗe baki ya sakar mini.

“Son ka yake yi, Kawu,” in ji Talia daga bakin ƙofa.

Na ce na sani. Na mayar masa da ƙashinsa, na ajiye hanta a gefe, na ja baya taku biyar, ko da yake bai ce in ja ba.